Ranar da Tambari Ya Maido Gulbi Ƙofar Zaure

Duk Layin Mashaya babu wanda bai san zauren Tambari mai kanwa ya shekara ɗari uku ba, don shi Tambarin ba ya barin mutum ya wuce bai sani ba. Ko hanya ka tsaya tambaya, sai ya kamo hannunka ya manna ga bango.

"Taɓa ka jiya. Tubalin ga ya girmi kakan kakanka. Shekara ɗari uku cur, ko azara guda ba a taɓa canza mai ba. Kuma ba labari anka ba ni ba, ni da kaina niɗ ɗebo ma maginan ruwan kwaɓa ƙasa."

In ka ce masa, "To kai shekarunka nawa ke nan?" sai ya saki hannunka ya ce mutanen yanzu ba su da kunya, ka sayi kanwa ko ka ba jama'a wuri.

Amma fa kada a zalunce shi, layin kansa tsoho ne. Gangare ne da ya sauko daga tsohon gari ya nufi gulbi, kuma tsofaffi sun ce da can ruwa har gindin layin yake zuwa. Jirage su kawo shinkafa da albasa da busasshen kifi daga fadama, raƙuma su sauke gishiri da kanwa daga arewa, majema su jibge jar fata, kowa na ihu, kowa na rantsuwa. Daga baya gulbin ya ja jikinsa ya koma can nesa, yanzu sai ka ratsa lambunan albasa ka jiƙa riga da gumi kafin ka ga ruwa. Sorayen da anka gina don ajiyar kaya sunka riƙa faɗuwa ɗaya bayan ɗaya, ana maye su da shagunan bulo masu ƙofar ƙarfe, wannan na sayar da caja, wancan na sayar da takalmin roba. Abin da ya rage na da sai tsohon kantin fata mai rufin kwano ja da tsatsa, da ɗan masallacin layi, da zauren Tambari.

To zauren ba na Tambari ba ne shi kaɗai. Gado ne tsakaninsa da wansa Alhaji Junaidu, ɗan kasuwar hatsi, mutumin da in ya kalli fili shaguna yake gani. Shi ko Tambari zauren nan shi ne shagonsa, shi ne majalisarsa, nan yake barcin rana da ɗan rediyonsa a kunne, nan yake ɓuya in uwargida ta aiko a ce gawayi ya ƙare. In babu zauren, babu inda zai aza gindinsa duk faɗin Sakkwato a saurare shi.

Wata rana cikin bazara Alhaji Junaidu ya zo ya tsaya ƙofa, ko shiga bai yi ba.

"Tambari, kangon ga ya ishe ni. Bayan Salla zan kawo magina su buge shi a yi shaguna kamar na mutane."

"Kango? Yaya Alhaji, tarihi kaka ce ma kango?"

"Tarihin da jemagu ka kwana ciki."

"Su ma jemagun na tarihi na. Kakanninsu sun ga kakanmu."

Alhaji ya yi tsaki. "To ji nan. An ce akwai mutanen gwamnati da ka yawo suna kahwa allo ga tsohin gine-gine, in sun kahwa ba a taɓawa. In sun kahwa ma zauren ga allo, na bar ma shi hal ka mutu ciki. In ba su kahwa ba, ko kana ciki za a buge shi."

Tambari ya doki ƙirji har sai da ya yi tari. "Allo guda? Sai sun rasa inda za su aje na ukku."

Anka ko yi sa'a, ba a daɗe ba sai ga wata ma'aikaciyar masu kula da kayan tarihi ta biyo layin tana ɗaukar hoto, sunanta Malama Nuriyya. Tambari ya tare ta tun daga bakin kantin fata, ya kai ta zaure kamar ya kamo ɓarawo. Ta shiga, ta ɗaga kai, ta daɗe tana kallon bakan gizon da ya riƙe rufin, da azarorin da hayaƙi ya mayar baƙi ƙirin, da zanen da maginan farko sunka yi bisa ƙofa.

"Baba, ginin nan yana da kyau ƙwarai," in ji ta. "Irinsa ya yi ƙaranci. Ranar Alhamis zan dawo da shugabanmu ya gani da idonsa. Abu ɗaya nake roƙo, kada a taɓa komai. A bar shi yadda yake."

Da mai hankali ne, nan zai ce Allah shi kai mu, ya raka ta bakin hanya. Amma Tambari bakinsa ya riga ya ɗau zafi.

"Gini kawai kinka gani, Malama. Nan ƙohwar ga da kike tsaye, nan jirage ka tsayawa. Kakanmu daga cikin zaure shika miƙa ƙahwa shi shiga jirgi. Ai jirgin nai ma shina nan."

"Jirgin yana nan?"

"Lahiya lau. Ko jiya sai da nish shahe mai ƙura."

"Kai, amma shugabanmu zai ji daɗi. To ranar Alhamis a nuna mana."

Tana bacewa, sai dariya ta tashi daga tsallaken layi. Uwani mai suyar kifi ce, taubashiyar Tambari, wadda kaskonta ke daidai ƙofar zauren tun suna da sauran haƙora. Kaka ɗaya gare su, don haka duk abin da ta ga dama take gaya masa.

"Wane jirgi, ƙaton banza? Kakan namu da ka sani na sani? Mutumin da ko wanki ba shi kaiwa gulbi don tsoron kada?"

"Ke mi kinka sani? Ta wajen uwa kinka hito, ba a hwaɗa muku sirri."

"Sirrin jirgi? Cikin aljihu anka ɓoye shi?"

"Ki soya kihinki, Uwani. Ranar Alhamis ki buɗe ido."

"Zan buɗe hal da baki."

Ranar Laraba da hantsi Tambari ya ratsa lambunan albasa ya ishe Na'Allah masunci bakin gulbi yana ɗinkin koma. Na'Allah na da jirgin katako guda, dogo, wanda yake ji da shi fiye da ɗiyansa.

"Sarkin Ruwa! Mai gulbi da abin da ke ciki!"

"In bashin kihi na, babu."

"Aron jirgi nika so. Kwana guda."

"Kai ka iya tuƙi?"

"Ba ruwa za ni kai shi ba. Tudu za ni kai shi."

Na'Allah ya aje koma ya dube shi da kyau, ya ga ko zafin rana ne ya taɓa shi. Tambari ya zauna ya shiga zuba: za a ɗauki jirgin hoto, za a nuna shi ga talabijin, za a ce ga jirgin da ya fi kowane jirgi daraja a ƙasar Hausa, Turawa za su zo daga ƙasarsu su taɓa shi. Har dai kan Na'Allah ya ɗan kumbura.

"To na ba ka. Amma ka ji sharaɗi. Jirgin katako ba shi son rana in ba shi cikin ruwa. In ya bushe, tsagewa shikai kamar ƙahwar manomi. Ka riƙa jiƙa shi. In ka maido min shi da tsaga ko guda, ni da kai sai gaban alƙali."

"Zan jiƙa shi hal shi ce ya ƙoshi."

Tambari ya tattaro 'yan dako daga bakin kasuwa, anka ɗora jirgin bisa amalanke biyu, ɗaya na riƙe da hanci ɗaya na riƙe da gindi. Shi kuma ya ce ba zai taka ƙasa ba, ya haye cikin jirgin ya zauna da sandar tuƙi, ana tura shi yana ɗaga wa masu ban ruwan albasa hannu.

Lafiya lau har bakin layi. To a nan akwai kwana, tsakanin kantin fata da masallaci, kuma jirgin ya fi faɗin layin tsawo. Na gaba sunka karya kwana, na baya ba su karya ba. Sai ji anka yi ƙurum! Hancin jirgi ya shige tagar kantin fata, gindinsa ya hau katangar wurin alwala, amalanken biyu sunka zame sunka yi gangare abinsu. Jirgi ya tsaya a sama, gicciye, ya rufe layi ruf, Tambari na zaune ciki kamar an aza tulu bisa katanga.

Nan da nan hanya ta cushe. 'Yan kabu-kabu na oda ta gaba, keke napep na oda ta baya, mata masu tallar fura na duƙawa suna bi ta ƙasa suna zagi. Wani mai raƙumi da lodin albasa ya zo, raƙumin ya kalli jirgi a sama, ya ga abin da bai taɓa gani ba tun da anka haife shi, ya durƙusa tsakiyar hanya ya ce shi nan ya kawo.

"Baba, ka sauko da motarka mana!" in ji wani ɗan kabu-kabu.

"Wace mota, jahili? Tarihi na kaka gani. Da can ruwa hal nan shika kaiwa, daidai inda nike zaune. Ku duka da kuna ƙasan gulbi yanzu."

"To mu da muke ƙasan gulbi, ta ina za mu wuce?"

"Ku yi iyo."

Liman ya zo sallar azahar, sai da ya cire rawani ya duƙa ya bi ta ƙarƙashin jirgi. Da ya miƙe ya ɗaga kai ya ce, "Tambari, ambaliyar Annabi Nuhu kaka jira, ko an hwaɗa maka wani abu da ba a hwaɗa muna ba?"

Sai da anka ɓalle ƙyauren tagar kantin fata, mazan layi sunka taru sunka ɗaga jirgin bisa kai, kowa na la'antar kowa, kana anka kai shi ƙofar zaure anka dangwarar. Tambari ya sauko yana karkaɗe riga, ya ce wa Uwani, "Kin gani?"

"Na gani. Jirgin kakanmu da lambar wayar Na'Allah rubuce ga gehe."

Ya duba, haka ne, ga ta nan da shuɗin fenti. Ya kwaɓa toka da laka ya shafe, ya ƙara shafe sauran jikin jirgin don ya tsufa.

Ranar Alhamis rana ta fito da irin fitar da take yi a Sakkwato cikin bazara, wadda ko ƙadangare sai ya nemi inuwa. Tun hantsi jirgi ya fara magana: ƙas. Can kuma: ƙas, ƙas. Tambari ya tuna alƙali. Ya kira 'yan ga-ruwa sunka zuba jarka bayan jarka, kafin su juya baya katako ya shanye ya bushe ya ci gaba da ƙas ɗinsa.

Nan ne fa babbar dabara ta sauko masa. Ya tsaya ya riƙe ƙugu ya kalli layi. Daidai ƙofar zauren akwai ɗan kwari inda ƙafafun mutane da kofaton jakuna sunka cinye ƙasa shekara da shekaru. In anka tare ta gangare, anka cika da ruwa, ai jirgi zai sha ya ƙoshi, kuma baƙi za su zo su ishe shi bisa ruwa ƙofar zaure, yadda kaka ya bar shi. Wa zai ga haka ya hana allo?

Ya je inda wani maƙwabci ke gini ya aro buhunan yashi ya jera su gicciye, sunka ƙare saura tsakiya. Bai yi wata-wata ba ya shiga zaure ya jawo buhunan hajarsa, na kanwa da na gishiri, ya toshe gurbin.

Uwani ta tsaya da matsami a hannu. "Tambari, da gishiri kaka tare ruwa?"

"Wanga ba irin naku na miya ba na. Gishirin raƙuma na, Sahara yar ratso bai narke ba."

"Sahara ruwa akai?"

"Ke dai hassada ta hana ki ƙiba."

Sai ga tankar ruwa da ya aika a kira ta shigo da baya tana ƙugi. Direban, wani Lawwali, ya leƙo ya kalli zauren, ya kalli kwarin, ya kalli Tambari.

"Baba, nan za a zuba? Gindin ginin ƙasa hwa na."

"Ginin da yag ga ambaliya tun ba a haihi mai yin tanka ba? Gulbi guda ya kwana jingine da bangon ga wata da watanni, da sahe bangon ka tambayar shi ko ya gaji. Buɗe!"

"Ni dai na hwaɗi."

"Ka hwaɗi, an jiya. Buɗe!"

Lawwali ya buɗe. Ruwa ya taho da ƙarfi, ya cika kwarin, ya bazu. Abu na farko da ya fara kai wa gaisuwa shi ne murhun Uwani. Wuta ta ce cuu, hayaƙi ya tashi, tiren ɗanyen kifi ya ɗaga ya kama hanya.

"Kihina! Tambari, Allah shi isa! Kihina!"

"Gida sunka koma, ki bar su."

Takalman da ke ƙofar masallaci sunka bi sahun kifi. Mai sayar da caja ya haye bisa benci yana rungume da kwali. Amma kafin a kai ga dukan Tambari, sai wani ya yi ihu, "Ya tashi! Wallahi ya tashi!"

Jirgi ya ɗaga. Ya yi lilo a hankali ƙofar zaure, inuwar ginin na rawa cikin ruwa. Wata tsohuwa da ke wucewa ta tsaya ta riƙe baki ta ce rabon da ta ga haka tun tana goye. Har Uwani sai da ta manta da kifinta.

Tambari ya ji duniya ta zo hannunsa. Ya ruga ya zuro babbar riga ta Salla, ya kafa hula, ya ɗauki sandar tuƙi ya faɗa jirgi. Abin da bai gaya wa kowa ba, shi bai taɓa shiga jirgi bisa ruwa ba tun da uwarsa ta haife shi. Ya dogara sanda ta dama, jirgi ya juya. Ya dogara ta hagu, jirgi ya ƙara juyawa. Ya shiga zagaye wuri ɗaya kamar dutsen niƙa, in ya fuskanci jama'a ya yi murmushi, in ya ba su baya ya yi salati.

"Hakan ga kakanmu ka yi!" yake ihu duk zagaye. "Salon mutanen da na!"

Ana can ana kallon salo, ba wanda ya lura buhunan tsakiya sun fara ramewa. Ruwan ya yi fari-fari, ya sami kafa, ya silale gangare yana ɗauke da kanwa da gishirin Tambari. Can ƙasan layi kuwa wani Bafillace ne ke kora garken shanu za shi gulbi. Saniyar gaba ta sa baki ta lasa. Ta ɗaga kai. Ta sake lasa. Duk wanda ya san shanu ya san abin da kanwa take gare su. Ta juya ta biyo ruwan sama, sauran sunka rufa mata baya, mai shanu na bin su da sanda yana kiran sunayensu ɗaya ɗaya, ko waiwaye babu.

Mutane sunka ji ƙasa na motsi, sunka duba, sai ƙahoni. Layi ya watse. Shanu sunka tsallake buhunan yashi sunka faɗa gulbin Tambari, sunka kafa kai suna sha suna ture juna, wasu na yagar buhun kanwa da haƙori.

"Kai! Kai! Ku hita! Gulbin tarihi na!" Tambari ya ɗaga sandar tuƙi ya sauke ta bisa gadon bayan wani bajimi fari mai tozo kamar tulu.

Bajimin bai yi fushi ba. Ya dai ɗago kai ya dube shi, ya sa goshi ga gindin jirgi, ya tura.

To shi bangon zauren tun ɗazu yake tsaye cikin ruwan kanwa yana sha shiru bai gaya wa kowa ba. Hancin jirgi ya shige shi kamar cokali cikin kunu. Anka ji wani nishi daga cikin rufi. Jemagu sunka fito da rana tsaka, baƙi ƙirin, sunka yi gabas. Zaure ya ɗan karkata, ya yi kamar yana tunani, kana ya durƙusa ta gaba, ya kai gindi ƙasa, irin yadda raƙumi ke yi in an gama tafiya. Ƙura ta tashi ta gauraye da laka.

Allah ya kiyaye babu kowa ciki. Da ƙura ta lafa, sai ga rabin jirgi binne cikin tubali, rabi waje, Tambari na zaune can ƙarshe da babbar riga, laka tun daga hula har gemu, yana riƙe da sandar tuƙi bai saki ba.

Uwani ce ta fara magana. "Sannu da zuwa, Sarkin Ruwa. An iso lahiya?"

Na'Allah, wanda ya taho don a ɗauke shi hoto da jirginsa, ya iso daidai nan da sabuwar hula. Ya kalli abin da ya rage a waje, ya aza hannu biyu bisa kai. "Cewa niy yi ka jiƙa shi! Ban ce ka gina gida bisa shi ba!"

"Kwantar da hankalinka, ai yanzu rana ba ta taɓa shi."

Sai ga Alhaji Junaidu, an kira shi a waya an ce ya zo ya ga ikon Allah. Ya tattare riga ya zagaya tarin ƙasar, ya dawo ya tsaya gaban ƙanensa, fuskarsa kamar an yi masa bushara.

"Tambari, ashe kana ƙaunata haka? Ni ina ta tunanin inda za ni samo masu rushewa."

Tambari ya buɗe baki ke nan, sai anka ji odar mota daga saman layi. Farar mota ce ta tsaya inda laka ta fara. Malama Nuriyya ta fito, bayanta wani dattijo mai tabarau da farar shadda, shugabansu, Malam Jalaluddeen. Direba kuma ya buɗe baya ya fito da wani abu mai faɗi naɗe cikin takarda, da ƙafafun ƙarfe biyu. Allon ne. Ashe da shi sunka taho.

Malama Nuriyya ta kalli inda ta bar zaure. Ta kalli shanu. Ta kalli hagu, ta kalli dama, ko ta ɓata layi ne.

Tambari ya ga allo, ya ga murmushin Alhaji Junaidu, ya ga shagunan bulo na tsirowa a idonsa. Ya diro daga jirgi, ya ratsa laka, ya kama hannun dattijon da hannu biyu.

"Maraba da manya! Ranka shi daɗe, kun iso wurin. Ga shi nan. Kuhwan tarihi."

"Kufai?" in ji Malam Jalaluddeen. "An ce mini zaure ne a tsaye."

"Da a tsaye shike. Ranar da Turawa sunka shigo garin ga, nan sunka hwara harbawa da igwa, don sun san nan ƙarhin kasuwa shike. Kakanmu na ƙoƙarin hita da jirgi, gini yah hwaɗo mai. Tun ran nan ba mu taɓa ko tubali guda ba, yadda yah hwaɗi haka munka bar shi. Irin wanga wuri ai shi ya hi cancanta da allo, don kada wani marar imani shi zo shi gina shago bisa."

"Baba!" Malama Nuriyya ta dafe ƙirji. "Ni fa na shiga cikinsa da ƙafata!"

"Na maƙwabta kinka shiga, Malama. Baƙo duk zaure iri guda shika gani."

Dattijon ya duƙa ya dangwali ƙasar da yatsa. "Amma ɗanya ce."

"Yayyahi muka yi mai duk Alhamis, don kada iska shi kwashe tarihi."

"Shanun fa?"

"Ziyara sunka zo. Su ma sun san wurin."

Malam Jalaluddeen ya gyara tabarau yana gyaɗa kai a hankali, kamar maganar ta fara shigarsa. Murmushin Alhaji Junaidu ya fara dusashewa. Uwani ta cusa gefen zane a baki. Duk layi anka yi tsit, ana jiran abin da babban mutum zai ce, har shanun sunka daina motsi.

Cikin wannan shirun ne anka ji wata 'yar murya na fitowa daga ƙarƙashin tarin ƙasa, siririya amma tar: "...sai kuma farashin albasa a kasuwannin jiha yau Alhamis, masu saurare..."

Dattijon ya karkata kunne. Ya matsa kusa da tubalin ya saurara har anka gama albasa anka shiga tumatir. Kana ya miƙe ya cire tabarau.

"Malam Tambari," in ji shi, "su Turawan da suka harbe shi, su suka bar maka rediyon a kunne?"